Telan Da Ya Daina Cin Abinci

Ni tela ne, aikina auna mutane. Tun da wani abokina ya ɗora hotona a waya aka yi ta kirana Tulu, sai na koma auna kaina. Da safe in auna ƙuguna, da rana in sake, kamar ƙugun zai gudu. Abincin da Umma ke aiko min shago kuwa, kyanwar maƙwabta ce ta yi ƙiba da shi. Ni sai shayi ba sukari. Har alfahari nake yi ina rage wandunana.

Wata rana na durƙusa ina auna wa wani dattijo tsawon wando, sai na ga ƙafafunsa sun zama huɗu. Na kife a kan takalminsa. Shi ya kai ni asibiti, tef ɗin awo rataye a wuyana.

Nas ɗin babbar mace ce mai tabarau. Ta gwada jinina, ta taɓa yatsuna masu sanyi. Na shirya amsar "me ya sa ba ka ci?", amma ba ta tambaya ba.

"Ƙanena, me kake ji idan an ajiye faranti a gabanka?"

"Ba komai, Sista. Zazzaɓi ne kawai."

"To. Zazzaɓin nan, yana sa ka jin ka yi laifi idan ka ci burodi?"

Ƙato da ni, har da gemu, sai ga ni ina kuka a kan burodi. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ciwo ne, ana warkewa, kuma samari irina suna zuwa mata da shi. Ni da na ɗauka ni na ƙirƙiro abin.

Da Umma ta iso, Sista ta zaunar da ita.

"Mama, ban da dole, ban da faɗa, ban da yabo. Ki dai zauna ku ci tare."

Umma ta ce, "Ni da na ɗauka soyayya ce ke ramar da shi."

Aka haɗa ni da wani likita da muke hira duk mako. Har yanzu akwai ranakun da cokali ke min nauyi. Amma jiya na cinye farantina tas, na ɗaga kai ina jiran tafi. Umma ko kallona ba ta yi ba, sai cewa ta yi in miƙo mata gishiri. Gaskiya na ɗan ji haushi.