Matakalar Gidan Baudilio

Eduvigis ce ta kashe wa mijinta ƙafafu, kuma ƙauna ce ta sa ta. Baudilio magini ne. Gidansu na can saman wani tudu a birnin Medellín, da hannunsa ya gina shi, matakala kuwa sai ka huta ka sake hutawa kafin ka kai ƙofa. Da jijiyar zuciyarsa ta toshe aka yi masa aiki, maƙwabta ne suka hauro da shi a kujera. Likita ta ce ya riƙa saukowa asibiti, a sa shi tafiya a kan inji ana duba bugun zuciyar, ana ƙara masa kaɗan-kaɗan. In kuwa ya kwanta, tudun nan zai fi ƙarfinsa, gidan ya gagare shi.

Eduvigis ta ce ba da ita ba. Ita ta tsince shi a ƙasa ranar da ya faɗi. Zuciya ta gaji, a ce maganinta ƙarin gajiya? Ta ɓoye masa takalma.

"Tsohuwa, ina takalmana?"

"Ƙwallo za ka buga? Zauna ka ci arepa, wainar masarar nan, tsoho."

Ya yi ƙunƙuni ya zauna. Gaskiyar magana, shi ma tsoro yake ji, ya samu mai ɗauke masa laifi ne kawai. Amininsa Nicanor, da ya yi irin ciwon, yakan hauro yana haki. Ya ce injin ba daɗi, tafiya ce ba zuwa, amma ga shi ya hau tudun da ƙafarsa.

"Kai kam ka zama tukunyar fure, saura a riƙa ba ka ruwa," in ji Nicanor.

Baudilio ya ce mako mai zuwa. Asibiti suka yi ta kira, Eduvigis na cewa barci yake, har suka gaji suka bari.

Watanni suka wuce. Ranar da ya ce yau sai ya sauka, bai yi nisa ba ƙafafunsa suka gaza, numfashi ya gagara. Ya zauna a tsakiyar matakala, ba sama ba ƙasa, sai ɗaukarsa aka yi. Likita ta ce za a iya farawa daga farko, amma fa ba daga saman tudun nan ba.

Wani direban bas ya sayi gidan. Baudilio na ɗakin baya a gidan mijin 'yarsu, bakin titi. Bai taɓa yi wa Eduvigis faɗa ba. Magana ce dai ba ya yi mata sai ta tambaye shi.