Kwanon Zunnuraini

Maƙabartar da ke bayan Magama ta girmi iyakar kanta. Tun kafin a ce nan Najeriya can Nijar ake kai gawa wurin, har yau akwai mutanen tsallake da kakanninsu ke kwance a ciki. Ba a rubuta suna a kan kabari. Kowa da alamarsa: wani fasasshiyar tukunya, wani tsohuwar galma, wani reshen bini-da-zugu ya dasa ya kama.

Alamar Salmatu mai ƙosai kwano ne. Ɗanta Zunnuraini, shi kaɗai gare ta, ɗan acaba ne mai tsallakar da fasinja, babbar mota ta bi ta kansa a kan titi. Ranar jana'iza ta ɗauko kwanon da yake shan koko, fari mai shuɗin baki, ta ba maza ta ce su kife shi wajen kansa. Ita ba ta taɓa taka cikin maƙabartar ba, mata ba sa shiga. Amma kullum da safe, kafin ta kai kaskonta bakin iyaka, sai ta tsaya gindin aduwar bakin hanya ta hangi kwanon yana ƙyalli cikin ciyawa. Ta yi masa sallama, ta yi masa addu'a, wani lokaci har ta ba shi labarin wanda ya yi aure. Iyakar abin da mutuwa ta bar mata ke nan, kuma ya ishe ta.

A faɗi gaskiya, maƙabartar ta lalace. Awaki sun mai da ta makiyaya, masu fasa-ƙwauri sun fitar da hanyar mashin ta kan kaburbura don kauce wa shinge, ruwan sama ya zaizaye gefe guda har ƙasusuwa na leƙowa. Da Abbas, ɗan yayanta kuma shugaban ƙungiyar matasa, ya ce za a gyara, Salmatu har da guɗa. Ita ta riƙa soya wa masu aikin gayya ƙosai kyauta. Da hannunta fa! Wannan shi ne abin da ke cin ranta har gobe.

Ana tsakar aikin aka kira ta zaman jego a Ɗan Issa. Bayan makonni ta dawo da safe, ko gida ba ta biya ba ta nufi gindin aduwa. Babu aduwa, sai kututture. A gabanta katangar bulo ce, ta fi kanta tsawo.

Ta bi jikin katanga da sauri har ƙofa, ta leƙa. Wayyo! An share wuri fes, an ƙone ciyawa, an ƙara wa kowane kabari ƙasa, duk sun zama iri ɗaya, a jere kamar kunyar gero. Babu tukunya, babu galma, babu reshe.

Abbas ya taho yana washe baki, hula a karkace.

"Gwaggo, sannu da zuwa! Kin ga aiki ko? Mota guda muka kwashe ta shara."

"Shara?" ta ce. "Abbas, ina kwanon ɗan'uwanka?"

"Wane kwano? Af! Ai Gwaggo waɗannan tarkace ne. Addu'a kuma ko daga ina kika yi tana isa."

"Ban tambaye ka wa'azi ba. Shiga ka nuna mani ɗana."

Ya shiga yana waige-waige. Ya wuce nan, ya dawo can, ya ɗan tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya dafa wani tudu ta yamma ya ɗaga murya: "Ga shi nan, Gwaggo!"

Ƙarya yake yi, kuma ta san ƙarya ce. Shekara da shekaru tana fuskantar wurin, gabas yake, kusa da inda aduwa take. Amma wanne ne a cikinsu? Ta zura ido har hawaye ya rufe mata gani. Ita da ta haife shi ma ba ta sani ba.

Ta juya za ta tafi, sai ta ji ƙarar ƙarfe a bakin duro. Magini ne ke ɗibar ruwa yana zuba wa kwaɓin siminti. Abin da ke hannunsa duk ya yi dumu-dumu, amma shuɗin bakin na nan.

"Malam, ba ni kwanon nan."

"Haba Inna, da shi muka gina katangar nan tun daga tushe."

Ta fizge shi. Abbas ya iso yana haki. Ya ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo. Kawo in mayar da shi."

Salmatu ta goge simintin da bakin zanenta, ta dube shi ido cikin ido.

"Ka mayar ina?"

Abbas ya sunkuyar da kai. Ta sa kwanon a hammata ta nufi gida, ranar ko wuta ba ta hura ba.