Ranar Ɗaukar Hoto

Duk shekara sai mai hoto ya ƙara ja da baya kafin 'yan makarantar su shiga hoto ɗaya. Hotunan na jere a ofishin hedimasta: a na farko har giɓin yara ana gani, a na bara kuwa kawuna ne kamar an watsa tsakuwa. Ginin da ke bayansu bai ƙaru ko da bulo ɗaya ba.

Abin nan na ƙona ran sabuwar malamar aji ɗaya, domin ɗalibanta a tsakar fili suke karatu, alhali faɗin ofishin ya isa aji guda har da saura.

"Ranka ya daɗe, ka ba mu ofishin nan mana," ta ce wa hedimasta ranar hoto.

"'Yata, bar gaggawa. Dubi yadda muke bunƙasa!"

"Yara ke bunƙasa, Baba. Mu muna inda aka bar mu."

Mai hoto ya yi ta ja da baya har ƙeyarsa ta bugi katanga. Yana cewa a matso, sai ruwa ya kece. Manyan yara suka cika azuzuwa. Malama ta ga nata suna jiƙewa, ta nuna musu ƙofar ofis, suka kwarara ciki.

Hedimasta ya iso yana haki, babu wurin sa ƙafa. Ta taga ya hango ta tana rubuta baƙaƙe a jikin kabad ɗinsa.

"Malama, ni fa?"

"Bar gaggawa, Baba. Bunƙasa muke yi."