Fatalwar da Ke Jikin Bango

Fadilatu ta tura ƙofar ƙaramin siliman da ke unguwar Bloomsbury tana haki, ko kayan asibiti ba ta samu ta cire ba, hijabi kawai ta ɗora a kai. 'Yarta Humaira, wadda ke koyon zane a kwaleji, ita ce ta nace sai ta zo. Ana makon finafinan tsoro na Koriya, irin waɗanda ake cakuɗa zanen barkwanci da fatalwa, kuma labarin da Humaira ta zana ne ya zo na ɗaya a gasar ɗalibai. Za a tura ta Seoul, babban birnin Koriya, ta ƙaro ilimi.

Mutane sun yi cincirindo a gaban wani dogon bango. Fadilatu ta kutsa tana murmushi. Da ta ɗaga kai sai murmushin ya ɗauke.

Ita ce a jikin bangon. Ga tabon da ke haɓarta, ga haƙorin Makkanta, ga jakar da take zuwa aiki da ita. Amma an yi mata idanu farare fat, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. A zane na farko tana ratsa ƙofar gida ba ta buɗe ba. A na biyu ta ajiye tukunyar shinkafa a kicin ta ɓace. A na uku wata yarinya tana bin ta ɗaki ɗaki, duk inda ta shiga sai ta tarar da ƙamshin turare kawai.

Wata Baturiya ta dubi bangon, ta dubi Fadilatu, ta tafa hannu da murna, ta ce don Allah su yi hoto tare. Kafin ta ce uffan wasu ma sun ɗaga wayoyinsu.

Ta fizgo Humaira gefe.

"Da raina da lafiyata kika kashe ni kika rataye a bango? Fatan da kike yi mini ke nan?"

Humaira ta fara bayani da Turanci, wai labari ne kawai, haka ake yin irin wannan zanen. Fadilatu ta katse ta. Ta tuna mata tun rasuwar mahaifinta wa ke tsayuwa a kan marasa lafiya a asibitin Whitechapel har ƙafa ta kumbura, wa ya sayi takardu da alƙaluman da aka yi wannan cin mutuncin da su. Ta ce a sauke shi yanzun nan, Seoul ɗin ta sha ruwa.

Humaira ta sunkuyar da kai. Da ta buɗe baki, da Hausarta mai karyewa ta yi magana, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Umma, ban san yadda zan zana ki kina zaune ba. Ban tuna ba."

Wannan maganar ta ƙara tunzura Fadilatu. Ta juya ta fice, Humaira ta biyo ta a baya, ta bar takardar kyautar a hannun malaminta.

Suka nufi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Suna gab da sauka ƙasa wayar Fadilatu ta yi ƙara. Shugabar sashensu ce, wai wata ma'aikaciya ta fasa zuwa aiki, ko za ta karɓi aikin Lahadi kamar yadda ta saba.

Fadilatu ta ja ta tsaya a bakin matakala. Sannan ta ce ba za ta samu zuwa ba, ta kashe.

"Kada ki ɗauka na huce," in ji ta, ba ta ko dubi Humaira ba. "Ranar Lahadi ki tanadi alƙalumanki. Zan sa leshina in ɗaura ɗankwali in zauna. Kuma ki tabbata ƙafafuna suna ƙasa."