Ɗalibar Bilƙisu ta Gazni

Bilƙisu ta yi shekara tara tana koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Zariya kafin ta biyo mijinta Sha'aban zuwa Riyad. Shi gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a wani kamfani. Ita kuwa iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta zaman miji ce, ba a yarda ta yi aiki ba. A ɗaki take wuni, a hawa na biyu na wani tsohon bene a unguwar Shumaisi, daga ita sai 'yarta Hajar mai shekara uku.

Ƙofar da ke kallon tasu ta wata dattijuwa ce 'yar Afganistan mai suna Gulalai. Tana zaune da ɗanta Naƙibullah, wanda ke gasa burodin tamis a bakin titi. Ita da Bilƙisu duk Larabcin kasuwa suke yi, amma suna fahimtar juna. Bilƙisu tana ce mata Khala, wato inna, ita kuma tana kiranta Mu'allima.

Wata Talata da hantsi Gulalai ta shigo da wayarta, ta nuna mata hoton wata doguwar yarinya mai koren ɗankwali.

"Shukriya ce, 'yar ƙanena. Tana ƙauyenmu kusa da Gazni. Ta gama aji shida, aka ce 'yan mata ba sa wuce nan. Tun bara tana gida."

"Me kike so in yi mata, Khala?"

"Lissafi. Ta ce shi take so."

"Ai ba na jin yarenta."

"Ke dai rubuta. Ni zan faɗa mata abin da kike nufi."

Haka suka fara. Bilƙisu ta rubuta tambayoyi a takarda, ta ɗauki hoto, Gulalai ta tura. Amsa takan yi kwana biyu ko uku, don wayar ta yayan Shukriya ce, kuma sai an hau rufin gida ake samun sabis. Inda bayani ya kama, Bilƙisu ta yi da Larabci, Gulalai ta juya shi zuwa yarensu na Fashtu a saƙon murya. Gulalai ba ta taɓa shiga aji ba, sau da yawa ba ta san abin da take juyawa ba.

Yarinyar tana da kai. Cikin wata takwas suka gama abin da Bilƙisu ke koyarwa a shekara biyu. Sau ɗaya ma ta zagaye wani layi da jan biro ta dawo da shi. Bilƙisu ta duba, ta ga ita ce ta yi kuskure.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, Gulalai ta shigo da faranti cike da alewar almon.

"Ki yi mana addu'a, Mu'allima. An ba Naƙib Shukriya."

Bilƙisu ta karɓi farantin ta ajiye a kan firji. "Shekararta nawa?"

"Sha biyar."

"Shi kuma?"

"Talatin ba ɗaya." Gulalai ta zauna. "Wani babba cikin masu bindiga na gundumarmu ya aiko yana neman aurenta. Matansa biyu. Ƙanena ba zai iya ce masa a'a ba, sai dai ya ce tana da miji. In an ɗaura, mu kawo ta nan, ta shiga makaranta. Ni ina sha uku aka kai ni, ba wanda ya yi mini zancen makaranta."

"An tambaye ta?"

"Ta ce in dai akwai makaranta, ta yarda."

Da Sha'aban ya dawo cin abincin rana, Bilƙisu ta ba shi labari. Ya ce da wuya a ba mai gasa burodi izinin kawo iyali, balle mace mai waɗannan shekarun. Ta koma ta faɗa wa Gulalai yadda ya faɗa. Gulalai ta ce kafil ɗin Naƙib, wato ubangidan da ya tsaya masa ya shigo ƙasar, ya yi alkawari, kuma Allah na nan.

An ɗaura auren ta waya, yayan Naƙib ya zama wakili. Bisa al'adarsu, aka ɗauke Shukriya daga gidan mahaifinta zuwa gidan dangin miji, can cikin duwatsu, inda yayan Naƙib ɗin ke zaune da iyalinsa. Babu sabis a can, kuma shi ba ya barin mata su riƙe waya. Darasi ya tsaya.

Takardun kawo Shukriya sun yi wata shida ana kai da kawo, daga baya kafil ya ce ba za su yiwu ba. Naƙib ya ɗauki hutun wata uku ya tafi gida, ya dawo shi kaɗai. Gulalai ta daina shigowa. In sun haɗu a matakala sai su gaisa, kowacce ta wuce. Da aka mayar da shagon burodin unguwar Shifa, suka tashi, wasu 'yan Sudan suka kama ɗakin.

Shekarar da ta biyo baya Sha'aban ya je aiki Shifa, ya ci karo da Naƙib a bakin tanderu. Da ya dawo ya faɗa wa Bilƙisu a kicin, yana wanke hannu.

"Matarsa ta haihu. Namiji. Ya ce ta sha wuya, awa shida suka yi a mota kafin su kai asibiti. Amma duk suna nan da rai."

"Maganar zuwanta fa, Baban Hajar?"

"Ban tambaya ba."

Bilƙisu ta miƙa masa tawul, ta sauke tukunya, ta kira Hajar ta zo su ci.