Baba Inji da Hannun Mai Wanki

"Ɗauke hannunka daga jikina, kwaɗo kawai."

Mai Wanki ya ja da baya, ruwan sabulu na ɗiga daga yatsunsa. Shi fa taimako ya kawo shi. Yana tsakiyar cuɗa zanin gadon mutane ya jiyo tarin maƙwabcinsa ta kan katanga, irin tarin nan mai kamar zai tafi da rai, ya watsar da aikin ya shigo a guje. Sai ga Baba Inji a bakin gado cikin farar rigarsa ta fita, yana kokawa da takalmi. Ƙafar ta kumbura ta yi suntum, takalmin ya ce bai san zancen ba.

Wannan faɗan na hannu ba yau aka fara shi ba. Tun da suka zama maƙwabta tsohon bai taɓa yarda su gaisa hannu da hannu ba, wai hannun Mai Wanki kullum sanyi ƙalau, kamar an tono shi daga ƙasan randa.

Baba Inji tsohon direban babbar mota ne. Shekarun baya likitoci suka gano wata ƙofa a zuciyarsa ta tsuke, suka ce sai an tsaga ƙirji an sa masa sabuwa. Ya saurare su tsaf, ya ce ya gode, amma shi injinsa ba mai kwance shi yana numfashi. Aka yi lallashin, aka yi tsoratarwar, ko gezau. Da babban likita ya gaji, sai ya roƙe shi wani abu dabam. Duk wanda ya ɗora abin awo na sauraron zuciya a ƙirjin Baba, ƙara yake ji kamar ta injin niƙa, irin wadda ɗalibai ke karantawa a littafi amma ba kasafai suke samun ta fes haka ba. Don haka duk shekara, ranar jarrabawar masu koyon likitanci, akan gayyace shi ya kwanta su duba shi ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sunan ya bi shi har unguwa. Shi kuwa ya ɗauki abin a matsayin aiki, har guga yake sa a yi wa rigar.

Yau ce ranar, kuma 'yarsa Malama ta hana. Likita ya ce mata zuciyar ta gaji, kada ya motsa ko nan da ƙofa. Kafin ta tafi makaranta sai da ta ɓoye masa silifa, ta kuma leƙa ta ce wa Mai Wanki, "Kawu, amana na bar maka."

"Fito da babur ɗinka," in ji tsohon, yana haki tsakanin kalma da kalma.

Mai Wanki ya ce Malama za ta cinye shi ɗanye. Ya ce tafiyar na iya ƙarasa shi a hanya.

"To sai me? A gadon nan ma ƙarasawa zan yi. Kowa ya shigo kallon gawa yake mini. Can kuwa jirana ake. Ko ka kai ni, ko in tafi da rarrafe ka sha kunya a layin nan."

Mai Wanki ya san mutumin, zai aikata. Tsoro ya kama shi, haushi ma ya kama shi, amma ya je ya kwashe ƙullin kayan mutane daga bayan babur ɗinsa mai ƙafa uku, ya jera matasai. Takalmin dai bai shiga ba. Haka Baba Inji ya hau da safa, ya harɗe hannu a ƙirji kamar wanda za a kai naɗin sarauta.

A asibiti babban likita na ganinsa ya girgiza kai. Ya kalli jijiyar wuyansa da ta miƙe tana harbawa, ya danna ƙwaurinsa da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ya ce yau kam a'a, gado za a ba shi a sa masa iska.

"Likita, yau ne ma injin ya fi kuka," Baba ya ce. "Ka hana yaran nan ji, wa zai ji musu?"

Suka yi ta ja. Ƙarshe likita ya sakar masa, bisa sharaɗin ɗalibi ɗaya tak. Aka kishingiɗar da shi a kan matasai, aka ja labule, Mai Wanki ya raɓe a gefe da farar rigar a hannu.

Wanda aka turo wani dogon saurayi ne, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya gaishe da Baba, ya nemi izini, ya miƙo hannu.

"Murza hannunka tukuna," Baba ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutum za ka taɓa."

Babban likita ya mai da idonsa kan silin kamar bai ji ba. Saurayin ya murza tafukansa, ya kama wuyan hannun tsohon ya ƙirga bugun zuciya, ya duba farcensa da cikin idonsa, ya shimfiɗa tafi a ƙirjinsa. Sannan ya ɗora abin awo. Mai Wanki na kallon fuskarsa. Da farko ta washe, ya ji abin da ake nema. Da ya zaunar da Baba ya saurari bayansa, sai fuskar ta canza, ya kasa ɗago kai.

"Faɗi abin da ka ji, ɗana. Jikina ne, na riga ka sani."

Saurayin ya faɗa, cewa ƙofar ta tsuke ƙwarai, zuciyar ta kasa, ruwa ya taru a huhu. Bai rage komai ba.

Baba Inji ya juya wajen babban likita. "Wannan ya ci. Ba ni rigata."

Gadon da aka tanadar masa ko kallonsa bai yi ba, ya ce shi aiki ya zo, kuma ya tashi daga aiki. Allura kawai ya yarda aka yi masa, ita ma da mita.

Suka tarar da Malama a ƙofar gida, idanunta jajur. Ta buɗe baki za ta sauke wa Mai Wanki kwandon faɗa, uban ya riga ta.

"Uwata, ni na sa shi. In faɗa ne, ga ni."

Ta dube shi a bayan babur, da safa, yana haki yana murmushi, sai kuka ya ƙwace mata. Ita ta tallafe shi zuwa ɗaki, don ko a lokacin bai yarda Mai Wanki ya kama shi ba.

Bai ƙara fita ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sha labarin dogon saurayin nan, har Malama ta haddace.

Wata safiya Mai Wanki na ɗauraya ya ji Malama ta kira shi ta kan katanga, sau ɗaya, a hankali. "Kawu." Daga jin muryar ya gane.

Baba Inji na kishingiɗe a kan matasansa, bakinsa a ɗan buɗe, idanunsa na kallon ƙofa. Ɗakin tsit. Malama ta tsaya jikin bango, ta ce ita ta kasa rufe masa ido.

Mai Wanki ya matsa bakin gadon ya miƙa hannu, sai ya ga ruwa na bin yatsunsa. Ya tsaya. Ya goge su a gaban rigarsa, ya haɗa tafukansa ya yi ta murzawa, ya hura musu iska, ya sake murzawa. Sai da ya kara su a kumatunsa ya ji sun yi ɗumi, sannan ya sunkuya.