Kar Ka Yanke

Leobardo Arce ya haura arba'in, yana da shagon gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Mexicali da ma'aikata a ƙarƙashinsa, amma har gobe idan ubansa ya ɗaga masa gira sai bakinsa ya mutu. Uban nasa, Don Nicanor, masunci ne na Eréndira da ke bakin teku, irin waɗanda gishirin teku ya dafa musu fata, kuma tun da ya haifi yaron nan bai taɓa buɗe baki ya ce masa madalla ba. "Ɗan tudu" yake kiransa a gaban kowa, har a gaban matar Leobardon. Abin da ke cin Leobardo ke nan. Shi ba gado yake nema ba, so yake tsohon nan ya dube shi sau ɗaya tak ya ce ya yi abin kai.

Shi ya sa da labari ya zo cewa manyan kifayen da ake kira tuna, masu shuɗin fiffike, sun matso can bayan tsibirin Todos Santos, ya ɗauki shatar jirgin ruwa sukutum a Ensenada, shi da ubansa kawai. Don Nicanor ya kama kusan duk abin da ke iyo a gaɓar nan da zare a hannu, daga cikin 'yar pangarsa, wato ƙaramin kwale-kwalensa mai inji, amma inda wannan kifin yake panga ba ta zuwa.

Jirgin na Yadira Murillo ne, gajeriyar mace mai muryar da ke danne ƙarar inji. Ita ke tuƙi a sama. Mijinta Chano shi ke bayan jirgi, yana ɗaura ƙugiya, yana dafa kofi, yana tsokanar duk wanda Allah ya kawo masa. Tun suna barin tasha da asuba ya miƙa wa tsohon sandar fatsa mai injin naɗi, da wani dogon ƙarfe mai ƙyalli, siffar kifi, a ɗaure a bakin zaren.

Don Nicanor ya juya sandar, ya taɓe baki. "Wannan tsinken fa? Da shi za a kama kifi ko da shi za a sosa baya?"

"Tsoho, sandar nan ta fi pangarka tsada," in ji Chano. "Ka saki ƙarfen ya nitse. Idan matata ta yi ihu ta faɗi zurfin, ka tsaya nan, ka riƙa fizgowa kana naɗewa, fizga, naɗe, kamar kifin da ya ji ciwo yana gudu. Shi ke nan aikin. Ga safar hannu."

"Kai wa matarka."

"Ita ma tana da tata. To ji nan, zaren nan kar ka raina shi don siriri ne. Saƙaƙƙe ne, zai ɗaga bijimi. Idan kifi na ja, hannunka ya tsaya a kan sanda."

Tsohon ya buɗe masa tafin hannunsa, kauri kamar ƙasan takalmi. "Hannun nan kake yi wa wa'azi? Kafin uwarka ta yaye ka yake jan kifi."

Chano ya yi dariya ya ƙyale shi. Leobardo ya sa tasa safar a ɓoye, yana jin kunya kamar wanda ya yi sata.

Haka suka yi ta fama har rana ta take tsaka, ba komai. Wanda bai taɓa yi ba ba zai gane ba, amma fizgar ƙarfe mai nauyi daga zurfin teku aikin jaki ne. Kafaɗun Leobardo suka yi tsami, burriton da ya ci da safe, naɗin gurasa da nama, yana neman hanyar dawowa, amma ya cije. Ya gwammace ya mutu a tsaye da ya yi amai a gaban ubansa. Shi kuwa tsohon ko gezau, yana fizga yana mita, wai an kwashe su an kawo su tsakiyar ruwa su yi motsa jiki.

Sai Yadira ta ƙwala ihu daga sama, idonta a kan allon da ke nuna ƙarƙashin jirgi. "Ga su nan! Gaba arba'in! Manya ne, na rantse da kabarin uwata! Ku saki!"

Suka saki. Ƙarfen Don Nicanor bai gama sauka ba zaren ya tsaya cak, sannan sandar ta lanƙwashe har bakinta ya kusa shan ruwa, injin ya ɗauki kuka. Tsohon ya yi taga-taga ya daki gefen jirgi da gwiwa.

"Ya Maryamu! Mota na kama?"

"Kai ta kama!" in ji Chano, yana ɗaura masa ɗamarar da ake kafa gindin sanda. "Leobardo, naɗe naka ka ba mu wuri!"

Abin da ya biyo baya, Leobardo bai taɓa ganin irinsa ba. Ubansa dariya yake yi. Dariya ta gaske, baki buɗe, haƙoran da suka rage duk a waje, gumi na zuba daga haɓarsa. Kifin ya ja shi gaban jirgi, ya dawo da shi baya, ya sake zagayawa da shi, Chano na biye yana riƙe da shi ta ɗamara. Leobardo na binsu da gorar ruwa yana ɗura wa tsohon a baki. A wani zagayen, Don Nicanor ya juyo ya dube shi da jajayen idanu.

"Ɗana, ka ga abin da ka kawo ni? Ka gani?"

Ɗana. Wallahi sai da Leobardo ya juya baya ya share ido da kafaɗa. Ya ce a ransa ko yanzu aka koma gida kuɗin shatar nan ya halatta.

An daɗe ana yi kafin kifin ya gaji ya fara kewaye a ƙarƙashin jirgi, yana tasowa kaɗan-kaɗan. Suka hango shi can ƙasa, wani farin haske mai faɗin ƙofa yana juyawa cikin shuɗin ruwa. Chano ya saki tsohon ya juya ɗauko doguwar ƙugiyar da ake caka wa kifi a jawo shi. A daidai nan Don Nicanor, wanda bai san halin sanda ba, ya ɗaga ta tsaye ƙiƙam don ya gama da abin gaba ɗaya.

Ƙas! Sandar ta karye biyu.

Hannun da ya shekara hamsin yana aiki ɗaya ba ya tsayawa shawara. Kafin kowa ya ƙifta ido tsohon ya yar da guntun sandar, ya cafko zaren, ya naɗe shi sau biyu a hannun dama, yadda yake yi wa kakkauran zarensa a panga. Kifin ya ji an taɓa shi, ya sunkuya ƙasa da dukkan ƙarfinsa.

Hannun ya tafi, tsohon ya bi shi har ƙirjinsa ya haye gefen jirgi, ƙafafunsa suka bar ƙasa. Chano ya jefar da ƙugiya ya rungumo shi ta ƙugu da hannu biyu, ya tokare ƙafa.

"Wuƙa! Leobardo, wuƙa na ƙuguna! Zare ka yanke!"

Leobardo ya zare ta. Ya leƙa, ya ga zaren ya shige cikin naman yatsun ubansa har ba a ganinsa, yatsun sun yi fari fat, jini na bin zaren yana ɗiga cikin teku. Ya kai wuƙar. Saura ƙiris.

"Kar ka yanke!" Don Nicanor ya daka masa tsawa. Wannan muryar ce dai, wadda ya sani tun yana rarrafe. "Kar ka kuskura! Kifina ne! Ka yanke, ba ni ba kai har abada!"

"Yanke, don ubanka!" in ji Chano. "Yanke!"

"Baba, hannunka…"

"Na ce kar ka taɓa! Ga shi nan yana zuwa, ina jin sa!"

Leobardo ya tsaya. Wuƙa a hannu, bakinta a jikin zare, ya tsaya ƙyam yana kallon fuskar ubansa. Ɗazu-ɗazun nan mutumin nan ya ce masa ɗana. Ya ji takun Yadira tana dirowa daga matakala tana zaginsa, ya ji Chano na nishi, amma hannunsa ya ƙi motsi.

Sai aka ji wata 'yar ƙara, ba ta kai ta karyewar sanda ba, tsohon da Chano suka zube baya tare a kan dandamali. Zaren ya miƙe, injin da ke yashe a ƙasa ya ci gaba da kuka yana tsalle. Yadira ta fizge wuƙar daga hannun Leobardo, ta datse zaren ba ta tambayi kowa ba, kifin ya tafi abinsa.

Don Nicanor ya zauna, ya ɗaga hannunsa yana dubawa kamar an ba shi aron na wani. Yatsa manuni da na tsakiya babu su. Ba a ƙasa suke ba, Chano ya duba, ya sake dubawa har ƙarƙashin akwatin ƙanƙara. Sun bi ruwa.

"Wayyo Allah," in ji Chano a hankali. "Wayyo Allah, tsoho."

Daga nan jinin ya ɓalle. Yadira ta naɗe hannun da tawul, ta ɗaure dantsen tam da igiya, ta ɗaga shi sama ta danƙa wa Leobardo. "Riƙe. Ko wannan ma sai an roƙe ka?" Ta haye sama ta juya jirgi, ta buɗe inji har ƙarshe, tana kiran tasha ta rediyo a tanadi motar asibiti.

Leobardo ya durƙusa a cikin jini da ruwan gishiri, yana riƙe da hannun ubansa a sama. Ya kasa yarda. Da asubar nan yatsun nan suka ɓare masa lemon tsami a mota. Da su tsohon ke ɗaura ƙugiya, da su yake ɗinkin raga, da su yake cin abincinsa ba ya roƙon kowa. Amai ya taso masa, wannan karon bai iya riƙewa ba, ya juya kai ya yi a gefe, babu wanda ya ko kalle shi.

Sun yi nisa, tsaunukan gaɓa sun fara fitowa, kafin tsohon ya buɗe ido. Fuskarsa ta yi toka. Ya daɗe yana kallon ɗansa.

"Wuƙa na hannunka," ya ce.

"Baba…"

"Na gan ta. Tana jikin zaren. Me ya hana ka?"

Leobardo ya ji kamar an kwaɗa masa mari. "Kai ka ce kar in yanke! Baba, kai ka ce! Chano, ba ka ji shi ba? Ya ce in na yanke ba shi ba ni!"

Chano ya sunkuyar da kai yana goge dandamali.

"To me kake so in ce?" in ji Don Nicanor. Babu faɗa a muryarsa, mamaki ne zalla. "Wane masunci ne kifi zai kama hannunsa ya ce a yanke? Kowa haka yake ihu. Wanda ke jikin zare ba shi da hankali a lokacin, shi ya sa ba a ba shi wuƙa, ake ba na kusa da shi. Baffanka Fausto, na yanke masa zare yana tsine mini, ya yi wata ba ya gaishe ni. Da yatsunsa goma muka binne shi." "Yaran da ke wanke panga a Eréndira ma sun san wannan."

"Ni bin maganarka na yi."

"Na gani."

Jirgin ya daki wata igiyar ruwa, hannun ya girgiza, tsohon ya cije leɓe har sai da jijiyar wuyansa ta fito. Leobardo ya gyara riƙo, ya matso zai tallafe masa kai. Don Nicanor ya janye hannun daga nasa, a hankali, ba fizga ba.

"Chano, bar gugar nan, zo ka riƙe mini."

Chano ya dubi Leobardo, ya dubi tsohon, ya ajiye tsumman ya zo ya karɓa.

"Baba, zan iya. Bar ni in riƙe."

"A'a, ka yi ƙoƙari," in ji Don Nicanor, da irin muryar da yake yi wa baƙin da ke zuwa sayen kifi a bakin ruwa. "Ka sha rana, ga shi jikinka ba daɗi. Shiga ciki ka zauna, akwai inuwa. Idan mun iso za a kira ka."

Leobardo ya miƙe. Ya shiga ɗakin da baƙin jirgi ke zama, ya zauna a kan kujera mai laushi, safar hannunsa har yanzu tana hannunsa. Ta tagar yana ganin ubansa ya jingina kai a kafaɗar Chano.